Yadda za ka tsira da ruwan sha idan mahaukaciyar guguwa ta afka wa garin bakin teku

Ranar da guguwar teku ta sauka, ruwa ne ko'ina amma babu na sha. Wuta ce ke fara ɗaukewa, injinan tura ruwa su tsaya. Da zarar ƙarfin ruwa ya mutu a cikin bututu, duk inda ya tsage sai ya riƙa zuƙo ƙazantar da ambaliya ta kwaso daga masai da kwata. Haka aka gani a Beira ta Mozambik a watan Maris na 2019: guguwar Idai ta wuce, kafin watan ya ƙare kwalara ta ɓulla.

Saboda haka aikin yana farawa ne tun da aka yi gargaɗi, famfo na zuwa da tsabtarsa. Ka wanke jarkoki da sabulu, ka cika, ka rufe ruf. Lissafinka ya zama lita 4 ga kowane mutum a rana don sha da girki, na aƙalla kwana 3. Idan akwai wurin ajiya ka wuce haka, don gyaran wuta kan ja lokaci. Kada ka taɓa jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin ƙwari. Ka ɗora su bisa, inda ambaliya ba za ta kai ba. Tankin da ke kan rufi a cika shi a ɗaure, domin wanda babu komai a ciki iska ba ta jin nauyinsa. Bakin rijiya kuma a rufe shi gam.

Bayan iska ta lafa, ka ɗauka duk ruwan famfo da na rijiya gurɓatacce ne har sai hukuma ta ce ba haka ba, ko da ya yi garau a kofi.

A nan ne mutane suka fi yin kuskure. Gurɓacewar iri biyu ce. Ƙwayoyin cuta ana iya kashe su a gida. Gishiri kuwa, ko man inji, tafasawa ba ta cire su. Ruwan gishiri ma ƙara kauri yake yi idan ya sha wuta. Teku kan tunkuɗo ruwansa cikin gari ya cika rijiyoyi da tafkuna, kamar yadda guguwar Aila ta yi a kudancin Bangaladash a 2009. Idan ka ji zartsi ko warin mai, bar shi, kada ka ɓata makamashinka.

Wanda ba shi da zartsi, ka bari ya kwanta, ka tace da tsabtataccen ƙyalle, ka tafasa ya yi minti 1 cur yana ɓararraka. Idan babu wuta, ɗigo 2 na ruwan kulorin na wanki marar turare a kowace lita, ka motsa, ka jira minti 30. Ruwa mai duhu a ninka masa ɗigon. Ɗan warin kulorin da zai rage ba aibi ba ne, shi ne shaidar ya yi aiki. Akwai kuma dabarar rana: a zuba ruwan a gorar roba mai haske a kwantar a rana awa 6, kwana 2 idan da hadari, hadari kuwa ba ya wuya bayan guguwa.

Ruwan sama na da amfani, amma zubin farko na indararo wankin rufi ne, a zubar.

Sannan a hana tsoma kofi ko hannu cikin mazubi, a riƙa tsiyayowa. Idan gudawa ta kama wani, haɗa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwan da ka tafasa, ya riƙa kurɓa kuna hanyar asibiti.