Yadda za ka nuna wa ɗalibai samuwar bakan dutse da yashi da laka

Na sha zama a bayan aji a nan Sakkwato ina jin sababbin malamai na gaya wa yara wai iska ce ke huda dutse har ya yi baka, irin bakan gizon da magina ke ɗaurawa a soro. Malam, yawancin aikin nan na ruwa ne, kuma da kwanon yashi za ka nuna musu.

Fara da labarin wurin, amma kada ka ja shi. Gandun Arches da ke jihar Yuta ta Amurka yana da duwatsu masu baka fiye da 2,000. An killace shi a 1929, ya zama gandun ƙasa a 1971. A ƙarƙashinsa akwai gishiri mai kauri da teku ya ƙafe ya bari kimanin shekara miliyan 300 da suka wuce. Nauyi ya danne gishirin ya motsa, dutsen yashin da ke sama ya tsattsage, ruwa ya yi ta bin tsagar har aka samu siraran bangaye a jere. In yara sun yi maka dariyar teku a hamada, tuna musu dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi, shi ma a ƙarƙashin ruwan teku ya taru.

Sai ginin ɗan bangon yashi da laka da za ka yi gwajin da shi, inda na sha kunya har sau biyu. Karon farko na cika laka, abu ya bushe kamar tubali, muka ƙarar da ruwan buta bai ko gezau ba. Karo na biyu yashi ya yi yawa, ya zube tun kafin in gama bismilla. Yanzu gwangwani biyar na yashin gulbi nake sawa, ɗaya na laka, kuma ban yarda da wani awo ba. Kaurin kada ya wuce yatsa uku. Shimfiɗar sama kaɗai za ka barbaɗa wa siminti, ɗan cokali ɗaya. Ba sai ka saya ba, roƙi magini. A inuwa zai bushe kwana uku, don ranar garin nan fasa shi za ta yi.

Huda murfin gorar ruwa da allura, yara su riƙa fesa gindin bangon daga tsakiya, gaba da baya. Duk wanda ya kai yatsa, janye shi. Ƙasan mai laushi zai zaizaye, saman ya tsaya, haske ya ɓullo. Gaya musu can har ƙanƙara na taimakawa, tana daskarewa cikin tsaga ta buɗe ta.

Ku ci gaba da fesawa har ya rushe, sannan ka ba su labarin bakan dutsen da ake kira Wall, wanda ya faɗi a gandun cikin dare a 2008. Sa su share wurin kafin a kaɗa ƙararrawa.