Yadda za ka karanta birnin Himeji da idon ɗan Damagaram

Wanda ya san bambancin Birni da Zango ya riga ya riƙe rabin makullin Himeji. Garin yana jihar Hyogo a ƙasar Japan, a shimfiɗaɗɗen filin Harima, teku na kudu da shi. Jirgin ƙasa mai gudu, Shinkansen, yana kawo ka daga Osaka cikin kusan minti 30.

Kuskuren yawancin baƙi shi ne su fito daga tasha su miƙe sai fada, wato tsohon gidan sarautar garin mai doguwar hasumiya. Tazarar kilomita ɗaya ce a kan titin Otemae, kuma tarihin garin yana cikin wannan kilomitar. Ka tafi a ƙasa, taswira a hannu.

Ikeda Terumasa, sarkin yankin wanda ya gina fadar da ake gani yau tsakanin 1601 da 1609, ya kewaye garin da gwalalo uku masu ruwa. Na waje ya bi ta kusa da inda tashar take yanzu. Daga nan zuwa gwalalo na tsakiya unguwannin ƴan kasuwa da masu sana'a ne, kamar Zangonmu, sai dai su an shigar da su cikin tsaro. Gidajen sun ƙone a ruwan bama-baman 1945, don haka kada ka nemi tsohon gini. Sunayen unguwanni za ka bi: Uomaci ta masu kifi, Shiomaci ta masu gishiri, Konyamaci ta marina.

Idan ka isa babbar hanya mai lamba 2, tsaya. A kan gwalalo na tsakiya take, cike shi aka yi, ga ragowar ganuwar dutse nan a gefenta. Ka ƙetare ke nan ka shiga mazaunin samurai, wato barade da fadawa. Lambun Kokoen, da aka buɗe a 1992, a kan kufan gidajensu yake.

Sai gwalalo na ciki da fadar kanta a kan tudun Himeyama. Hanyar shiga tana karkacewa, wani lokaci har ta juya maka baya ga hasumiyar. Da gangan ne, don maharin ya ɓata yana shan kibau ta ramukan bango. Kada ka ɗauka ka yi ɓatan kai.

A ƙofar hasumiyar ana cire takalmi, a riƙe a leda. Hawa shida ne da ɗakin ƙasa, matakalan katako ne masu tsayi da santsi, to ka sa safa mai kauri, musamman da hunturu. Ka zo da sassafe. Farkon Afirilu, lokacin furen sakura, wato itacen ceri na Japan, layi yakan cinye maka hantsi.

Daga hawan ƙarshe ka dubi kudu. Titin da ka biyo zai miƙe a gabanka har tasha, sai ka ƙirga inda ka ƙetare kowane gwalalo.