Yadda za ka rage ciwon suga ta hanyar abinci da tafiya a Garwa

Fara da awo. Je asibiti da safe kafin ka karya, a duba jininka. A takardun awo na Kamaru da giram ake rubutawa: idan sugan jini ya kai giram 1,26 a lita ɗaya, aka sake awo wata rana ya maimaita, ciwon suga ne. Ajiye ɗan littafi kana rubuta sakamakon da kwanan wata. In kuma likita ya riga ya ɗora ka a kan magani, kada ka ajiye shi da kanka, shi zai rage maka in ya ga awo na sauka. Wannan magana ta nau'in da ke kama manya ce. Mai nau'in da ke bukatar allurar insulin, wanda ya fi kama yara, ba shi da zaɓi sai allura.

Sai shayi, kuma a ganina nan ne babban aikin. Muna zama a majalisa a yi zagaye uku, kowane kofi kamar zuma, da safe a sake, da la'asar a sake. Mutum ya rantse ba ya cin zaƙi, alhali ya sha shi. Kada ka daina zama da mutane. Ka ce wa mai dafawa ya zuba maka naka kafin ya sa suga. Makon farko ɗaci zai dame ka, daga baya harshe ya saba. Lemon kwalba ƙarami ɗaya na ɗauke da suga kusan giram 35, zoɓon sayarwa ma a cike yake. Koma ruwa, ko zoɓon gida maras suga.

Na uku, kwano. Tuwon dawa ko na masakuwa bai haramta ba, yawansa ne matsalar. Malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunka, miyar kuɓewa, yakuwa ko zogale ta fi tuwon yawa, a haɗa da wake ko kifin Lagdo. Uwargida, ware masa nasa a faranti, don a kwanon taro ba mai sanin lomar da ya yi. Fanke da farin burodi su zama na jefi-jefi.

Na huɗu, ƙafa. Minti 30 na tafiya da sauri, kwana biyar a mako. Bayan sallar asuba ya fi, kafin ranar Garwa ta buɗe. Hanyar da ba ta da nisa, bar ɗan acaba ya wuce.

Teɓa kuwa sai ta sauka. A wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a 2017, kusan rabin waɗanda suka bi tsarin rage ƙiba ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya sukarinsu ya daidaita ba magani bayan shekara ɗaya. Mai kilo 90 ya fara da niyyar zubar da biyar.

Kowane dare duba tafin ƙafarka da tsakanin yatsu. Ka ga ƙuje ko gyambo, ko gani ya fara dishi-dishi, washegari ka kama hanyar asibiti da littafinka a hannu.