Yadda za ka yi wa yara wasan rufa-ido irin na David Devant

Malaman firamare da iyayen da ke haɗa wa yara walima a nan Kano sukan tambaye ni ta ina ake fara koyon rufa-ido. Ni dai hanyar mutum ɗaya nake ɗora su a kai: David Devant, ɗan Landan da aka haifa a 1868, wanda ya yi tashe a gidajen wasan waƙa da barkwanci na Ingila, har ya zama shugaban farko na ƙungiyar 'yan dabo ta Magic Circle a 1905. Takensa shi ne da kirki ake yin komai, kuma abin da ya sa nake ƙaunarsa ke nan.

Kafin ka taɓa komai, ka gaya wa yara da iyayensu ƙarara cewa saurin hannu ne, ba tsafi, ba aljanu. A garin nan wannan magana ba ta wasa ba ce. Ubangidan Devant ma, John Nevil Maskelyne, ya fara suna ne a 1865 da tona asirin wasu 'yan'uwa biyu 'yan Amurka, su Davenport, masu bari jama'a su ɗauka ruhohi ke taimakonsu.

Sayi goro ɗaya matsakaici wajen mai tebur. Riƙe shi da kan yatsun hagu, tafin yana kallon sama. Kawo hannun dama kamar za ka ɗauka, babban yatsa ya shiga ta ƙasa, sauran su rufe ta sama. Da zarar sun kāre goron, sake shi ya faɗa tafin hagu. Dunƙule damar, ka ɗaga ta, idonka a kanta. Nan aikin yake, domin inda ka kalla nan yara za su kalla. Hagu kuwa ta sauka a sake, kada ka ƙanƙame ta. A gaban madubi ka riƙa ɗaukar goron da gaske, sannan ka yi na ƙarya, har sai kai kanka ka kasa bambance su.

Sai kiran yaro. Devant yana da wasan da ya yi har a gaban Sarki George na Biyar a 1912: ya kira yaro da yarinya, ya yi ta zaro ƙwai daga cikin malafa, yarinyar tana miƙa wa yaron, har hannuwansa su cika, ƙwai su fara zuba ƙasa suna fashewa. Jama'a su yi ta dariya, amma yaran ne taurari, ba wanda aka muzanta. Kai ma haka za ka yi, sai dai da tsadar ƙwai yanzu, goronka ya ishe ka. Tambayi sunan yaron, ka ce, "Ɗan Malam, hura min nan." Buɗe damar a hankali, yatsa bayan yatsa, babu komai. Sannan ka kai hagu bayan hularsa ka fito da goron, ka ce a tafa masa, shi ya yi aikin. Kada ka zaɓi mai kunya ko wanda 'yan aji ke tsokana.

Za su yi ta ihu, "Malam, a sake!" Kada ka sake a ranar, domin a karo na biyu hannun hagu za su zuba wa ido. Ba yaron goron ya kai wa kakarsa, ka wuce wasa na gaba.