Baƙar tasi ko Uber: wace mota za ka shiga a Landan?

Ɗabi'a ta farko da sabon zuwa Birtaniya zai ajiye ita ce ta ɗaga wa kowace mota hannu a bakin titi. A gida haka muka tashi: ka tsayar da mai a-daidaita-sahu ko kabu-kabu, ku yi ciniki ta taga, in kun daidaita ka shiga. A Landan doka ta raba motocin haya gida biyu, kuma gida ɗaya kawai aka yarje wa ɗaukar mutum a titi, wato baƙar tasin nan mai tudun kai, wadda fitilar da ke goshinta take kunne in ba ta da fasinja. Gida na biyu shi ne wanda ake kira minikab, kuma Uber da Bolt duk a cikinsa suke. Su sai an yi oda tukuna, ta manhaja ko ta waya ko a ofishin kamfani mai lasisi. Direban minikab da ya tsaya ya ɗauke ka don ka ɗaga masa hannu ya karya doka, ko da lasisinsa na gaske ne, kuma in aka yi hatsari inshorarsa ba ta san da kai ba.

Tun a filin jirgi ake fara gwada mutum. Ka fito daga wurin ɗaukar kaya a Heathrow, ga gajiya, ga akwatuna uku, ga iyali a bayanka, layin wayarka na gida bai kama ba. Sai wani ya matso kusa da kai, hannu a aljihun jaket, ya yi ƙasa da murya ya tambaye ka ko kana son tasi. Wani ma in ya ga hularka sallama zai yi maka, ya kira ka ɗan'uwa, ya kama hannun akwati kafin ka amsa. Amsa sallamarsa, ka riƙe akwatinka, ka wuce. Tasin gaskiya tana layinta a wajen ƙofa, ga alluna suna nuna hanya, kuma direbanta ba ya shigowa farautar fasinja. Wanda ya yi oda ta manhaja shi ma akwai wurin da aka ware don ɗauka, manhajar za ta faɗa masa.

To tsakanin halattattun biyu fa, wace ta fi aminci? Hukumar sufuri ta Landan, TfL, ita ke ba su lasisi duka, kuma direbobin ɓangarorin biyu sai an binciki tarihinsu a wurin 'yan sanda da irin bincike mai zurfi da ake yi wa masu aiki da yara. Ta wannan fuskar kunnen doki suke. Bambancin yana wani wurin.

Ƙarfin baƙar tasi yana jikin direban. Kafin a ba shi koren bajon da zai rataya a wuya, sai ya ci jarrabawar da suke kira Knowledge, wadda ta samo asali tun 1865. Zai haddace hanyoyi 320 da dubban tituna da ke cikin mil 6 daga Charing Cross, a tsakiyar Landan, da asibitoci da otal-otal da tashoshin da ke kansu. Mafi yawa sukan shafe shekara 3 zuwa 4 suna yawo a kan ƙaramin babur da allon rubutu a gabansu, suna zuwa ana yi musu tambayoyi baki da baki. Wanda ya sha wannan wahalar ba ya wasa da bajonsa. Motar ita kanta an ƙera ta don aikin: akwai gilashi tsakaninka da direba, mita na aiki da farashin da hukuma ta yanka, tana ɗaukar keken guragu, kuma tun 2016 dole ne ta karɓi kati.

Sai dai ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. John Worboys, wanda kotu ta ɗaure a 2009 saboda cin zarafin mata 12, direban baƙar tasi ne mai cikakken lasisi, kuma 'yan sanda sun yi imanin matan da ya cuta sun haura 100. Dabararsa ita ce ya ce ya ci caca yana murna, ya miƙa wa fasinja abin sha da ya zuba wa maganin barci. Abin da ya ba shi dama ya daɗe yana yi, ban da sakacin masu bincike, shi ne raunin tasin da aka tara a titi: babu inda aka rubuta cewa wance ta shiga mota kaza da ƙarfe kaza. Wannan raunin yana da magani mai sauƙi. Lambar lasisin motar tana kan farin allo a bayanta, tana kuma a ciki. Ki ɗauki hotonta ki tura wa wani kafin motar ta tashi, ki biya da kati, ko ki kira baƙar tasin ta manhaja irin su Gett da FREENOW. Kuma kada ki karɓi abin ci ko sha daga direba, ko ruwan gora ne.

Manhaja kuwa ƙarfinta rubutu ne. Sunan direba, hotonsa, lambar mota, lokacin da ya ɗauke ka, kowace kwana da ya sha, duk suna ajiye. Kana iya tura wa matarka ko abokin zamanka tafiyar su riƙa kallon motar tana motsi a taswira. Mai mugun nufi ya san da haka, kuma sanin yana hana da yawa. Amma rubutun yana da amfani ne kawai in mutumin da ke riƙe da sitiyari shi ne na cikin hoton. A nan Uber ta taɓa yin tuntuɓe babba. A 2017 TfL ta ƙi sabunta mata lasisi, kotu ta ba ta na wata 15 a 2018, sannan a Nuwamban 2019 hukumar ta sake ƙi, bayan ta gano tafiye-tafiye aƙalla 14,000 da wasu suka yi ta hanyar ɗora hotonsu a asusun wasu direbobin. Cikinsu har da wani da aka riga aka ƙwace wa lasisi. Kamfanin ya yi gyara, kotu ta mayar masa da lasisi a 2020, yanzu kuma yana sa direbobi ɗaukar hoton fuskarsu lokaci zuwa lokaci. Duk da haka idonka ne mai gadi na ƙarshe. A gefe guda, in wani ɗan'uwa ya ce zai ara maka asusunsa ka ɗan yi haya da dare ka samu na cefane, ka gode masa ka ƙi. Laifi ne, kuma ɗalibi ma bizarsa ba ta yarda ya yi sana'ar kansa ba.

Akan kawo alƙaluman Amurka a wannan muhawara. A rahoton da Uber ta fitar a ƙarshen 2019, ta ce an kai mata ƙorafin cin zarafi ta hanyar lalata 5,981 a 2017 da 2018, cikin tafiye-tafiye kusan biliyan 2.3. Adadin ya isa ya tayar da hankali, ya kuma nuna cewa abin ba kasafai yake faruwa ba. Amma lissafin kamfani ɗaya ne a ƙasa ɗaya, ba ma'aunin da za a ɗora tasi da manhaja a kai ba ne.

Labarin da ya fi dacewa sabon zuwa ya riƙe shi ne na wata ɗaliba 'yar shekara 21 a jihar Carolina ta Kudu a Amurka, a watan Maris na 2019. Ta yi odar Uber cikin dare, wata baƙar mota ta tsaya a gabanta, ta buɗe ta shiga. Ba motar ba ce. Mai motar ya riga ya sa makullin yara a ƙofofin baya, ba su buɗuwa ta ciki, kuma a hannunsa ta rasa ranta. Saboda haka lambar mota ake fara dubawa, harafi da harafi, ba launi ko ƙira ba, don farar Toyota Prius a Landan ba ta ƙirguwa. Ka duba zagayayyiyar takardar TfL mai ruwan ɗorawa a gilashin gaba da na baya. Kada ka leƙa ka ce «Ni ne wane», bar shi ya faɗi sunan wanda ya zo ɗauka. Ka kunna tsarin lambar sirri mai huɗu a manhajar Uber, wadda sai ka faɗa wa direba kafin tafiya ta fara. Ka zauna a baya.

Akwai kuma tayin da ke zuwa bayan ka shiga. Direba ya juyo da fara'a ya ce kamfani na cinye musu kuɗi, ka soke odar ka ba shi a hannu, zai rage maka. Mu da muka saba da ciniki abin yakan yi mana daɗin ji. Daga lokacin da ka danna sokewa, babu taswira, babu inshora, babu wanda ya san kana motar. Haka ma daren Juma'a da Asabar, lokacin da farashin manhaja ke ninkawa, shi ne kasuwar masu fakewa a ƙofar tashoshi suna kiran fasinja. Tsadar ce ke tura musu mutane.

A wajen Landan ƙananan hukumomi ne ke ba da lasisi, kuma allon lasisin yana manne a bayan mota. Kada ka yi mamaki in kana Manchester ka ga motar da ta zo ɗaukarka da allon wani garin daban, kamar Wolverhampton. Doka ta yarda, tun bayan sassaucin dokar da aka yi a 2015 abin ya yawaita, sai dai in za ka kai ƙara, hukumar da ke kan allon ce ke da iko a kan direban.

Hatsarin mota ya fi mugun direba yawa, kuma mukan manta. Ɗaura bel a kujerar baya dole ne, tara tana iya kai fam 500, kuma daga shekara 14 laifin na fasinja ne. A motar haya mai lasisi, in babu kujerar yara, ɗan shekara 3 zuwa sama zai zauna a baya da bel ɗin manya, wanda bai kai ba zai zauna a baya ba bel. Doka ta ƙyale, amma in tafiyar mai nisa ce gara ku ɗauki kujerarku.

In abu ya rikice, 999 za a kira, lambar gaggawa. In ba ki iya magana don direba na ji, ki kira ki saurara, ki danna 55 in an buƙata, za a haɗa ki da 'yan sanda. Abin da ya riga ya wuce, kamar maganar banza ko taɓa jiki, a kira 101, lambar 'yan sanda ta abin da ba na gaggawa ba, a kuma sanar da hukumar lasisi, kada a tsaya ga ba shi tauraro ɗaya a manhaja. Mai biza halattacciya ba ya rasa ta don ya kai ƙara.

Ni dai in ƙanwata ce za ta dawo daga aikin dare, manhaja zan ce ta yi, ta duba lamba da fuska, ta turo mini tafiyar. In cajin waya ya mutu, ta taka zuwa layin baƙar tasi na babbar tasha mafi kusa, ko ta hau bas ɗin dare da katinta, tunda bas ɗin Landan ya daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014.