Darasi na 7: Zaɓen Kyamara da Kwamfutar Tace Bidiyo a Gida

Wanda zai ɗauki bidiyo ya tace da kansa a gida, kayan aiki biyu yake bukata: kyamara da kwamfuta. Mutane da yawa sukan zuba kuɗinsu kaf a kan kyamara, sai an zo tacewa a tarar kwamfutar ba ta iya ɗaukar nauyin hoton, tana tafiya tana tsayawa. Saboda haka, kafin ku sayi ɗaya, ku fara tambayar ko ɗayar za ta iya da ita.

Mu fara da kyamara. A jikin kwalinta za ku ga an rubuta 1080 ko 4K. Kowane hoto ɗigo-ɗigo ne ƙanana da aka jera. Hoton 1080 yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye. Na 4K yana da 3840 a kwance da 2160 a tsaye, wato ya ninka na farko sau huɗu. Ya fi kyau, babu musu, amma nauyinsa ma ya fi. Awa ɗaya ta bidiyon 1080 takan ci gigabait 11 ko kusa da haka, ita kuwa ta 4K tana iya kai wa 45. A ganina, mai koyo ya fara da 1080. Ya wadatar ga bidiyon iyali, kuma matsakaiciyar kwamfuta za ta tace shi ba wahala.

Sai batun jawo abu na nesa, wanda ake kira zum. Iri biyu ne. Akwai na gilashin kyamara, wanda ke jawo abin kusa ba tare da hoton ya lalace ba. Akwai kuma na dijital, wanda buɗa hoton kawai yake yi har ya dushe. Babbar lambar da ake bugawa a kwali don jan hankalin mai saye sau da yawa ta dijital ce. Ku nemi lambar zum na gilashi, ita ce abin dubawa.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne murya. Mai kallo yakan haƙura da hoton da bai fita sosai ba, amma ba ya zama ya saurari maganar da iska da hayaniya suka cinye. Makirufon da ke jikin kyamara duk abin da ke kusa da shi yake kwasa, har numfashin mai ɗauka. Ku juya kyamarar ku duba ko tana da ƙaramin ramin da ake jona makirufo na waje, da wani na abin sauraro na kunne. Idan tana da su, ta fi wadda ta fi ta tsada amma babu su. Ku tanadi batir na biyu da sandar ɗora kyamara mai ƙafa uku, domin hannu yakan gaji ya yi rawa.

Kyamarorin yanzu a katin SD suke ajiye bidiyo. Ku duba alamar saurinsa. Mai alamar V30 ko U3 yana rubuta aƙalla megabait 30 a daƙiƙa ɗaya. Kati marar sauri yana iya katse ɗauka ana tsaka da aiki. Wanda kuma yake da tsohuwar kyamara mai kaset ɗin MiniDV, ya sani da wayar FireWire ake kwashe hotonta, kuma sababbin kwamfutoci ba sa zuwa da ramin wannan waya.

A ɓangaren kwamfuta, ku fara tambayar RAM, wato inda take baza aikin da ke hannunta. Gigabait 8 shi ne mafi ƙaranci ga 1080, 4K kuwa yana son 16 ko fiye. Ma'ajiyarta ta zama SSD, domin ta fi tsohon faifai mai juyawa sauri nesa ba kusa ba. Ku haɗa da ma'ajiya ta waje, ku riƙa kwafe bidiyo a wuri biyu kafin ku goge kati. Ranar da aka ɗauka ba ta dawowa.

Manhajar tacewa ba sai an saya ba. Shotcut da OpenShot kyauta ne, iMovie kuma kyauta ce ga masu kwamfutar Apple. DaVinci Resolve ma tana da ta kyauta, sai dai tana son kwamfuta mai ƙarfi.

Aikin gida: ku sami kyamara ko wayar hannu, ku ɗauki bidiyon minti ɗaya a 1080, ku sake ɗaukar wani a 4K idan tana yi. Ku rubuta girman kowanne a littafinku, ku zo da shi aji na gaba.