Yadda ake yi wa panda burtali a duwatsun Chana

Panda wata dabbar daji ce mai fari da baƙi da ke cin gora. Ƙidayar da Chana ta fitar a 2015 ta ce panda 1,864 ne suka rage a daji, a lardunan Sichuan, Shaanxi da Gansu. To amma fa ba wuri ɗaya suke ba, sun warwatse gida 33, kuma 18 daga ciki ko panda goma ba su kai ba. Ka ga irin wannan gida sai dai auren zumunci, wa ya bi ƙanwa, uba ya bi 'ya, jini ya yi ta rauni, ga shi macen kwana ɗaya zuwa uku kacal take iya ɗaukar ciki a shekara, in ba namiji a kusa shi kenan sai baɗi. Maganin dai a buɗe musu hanya, ga yadda ake yi.

Da farko a san wa ke ina. Panda ba ya bari a gan shi, don haka kashinsa ake bi. Ma'aikata su hau dutse suna tsinta, su auna tsawon guntayen gorar da ke ciki, don kowanne da irin girman gatsarsa, sannan a kai ɗakin gwaji a duba ƙwayar halitta a gane mace ce ko namiji, dangin wa da wa. Sai a ɗaure kyamarori a jikin bishiya.

Na biyu, a gano me ya raba su. Yawanci titi ne, ko gonaki, ko kiwo, ko wurin da aka sare daji.

Na uku shi ne ainihin aikin, burtalin kansa, kamar dai wanda ake bar wa shanu tsakanin gonaki. A duwatsun Qinling babban titi mai lamba 108 ne ya tsaga su biyu, da aka haƙa wa titin rami ya bi ta ƙarƙashin dutse motoci suka bar tsohon, sai aka bi wurin aka dasa gora. Gorar nan ita ce komai, don panda kan ci kilo 12 zuwa 38 a rana, hanyar da babu abinci ba zai bi ta ba ko ka share ta tas. Kuma gora na da wata ɗabi'a, bayan shekaru masu yawa sai ta yi fure gaba ɗaya ta bushe, haka ta faru a duwatsun Minshan a shekarun 1970 da na Qionglai a 1983, panda da yawa yunwa ta kashe su. Da can sai su gangara wani dutsen su ci wata irin gorar, yanzu in an toshe hanya ina za su?

Na huɗu, a zauna da mutanen ƙauye kan kiwo da saran itace da tarko. Ni a ganina nan ne wahalar take, dashe ai mai sauƙi ne.

In kuma nisan ya yi yawa, sai a ɗauko panda a kai. Nan an taɓa shan ɗaci: wani panda mai suna Xiang Xiang da aka saki a gandun dajin Wolong a 2006, namiji ne rainon mutane, a 2007 aka tsinci gawarsa, ana zaton faɗa ya yi da mazan daji. Daga nan aka canja salo, uwa ce ke rainon ɗanta a jeji, masu kula kuma su sa tufafi masu siffar panda har da shafa fitsarinsa don kar ɗan ya saba da mutum. Haka aka yi wa Tao Tao, aka sake shi a gandun dajin Liziping a 2012 da na'urar bibiya a wuya.

Sauran kuma jira ne, a yi ta duba kyamara da kashi har ranar da za a tsinci na baƙo a wancan ƙetaren.